Asibitin garinmu: hannunsu da albarka, amma ba ka fita babu kafso

Ina da wani tsohon gwangwanin madara da nake tara katunan asibiti a ciki. Halin malaman firamare ne, ba ma yar da takarda. Ranar Juma'ar da ta wuce ina neman katin rigakafin autata, sai na juye gwangwanin a kan tabarma, na ɓige da karanta katunan ɗaya bayan ɗaya har tuwona ya kusa kamawa. Daga daminar 2022 zuwa yau, mutanen gidanmu sun je asibitin garinmu sau 17 saboda rashin lafiya, ban da awo da rigakafi. A cikin 17 ɗin nan, sau 14 an rubuta mana antibayotik, wato kafso da danginsa masu kashe ƙwayar cuta. Ukun da suka rage, ɗaya targaɗe ne, ɗaya hawan jinin maigida, na ukun kuwa ni ce na ce ba na so.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba, ba zan faɗi sunan garin ba. Muna gabashin Jihar Jigawa ne, ta wajen Haɗeja, inda in damina ta yi nisa hanya take komawa sai mai babur mai ƙarfin hali. Duk wanda ya tashi a irin garinmu ya san kalar ginin: ɗaki huɗu a jere, baranda da benci biyu, darbejiya a tsakar fili, firjin rigakafi mai aiki da sola. Tsofaffi har yanzu sha-ka-tafi suke ce masa, ko da yake yanzu akwai gado uku da ɗakin haihuwa. Ma'aikata kuwa, akwai shugaban wurin da kowa ke kira Likita, alhali jami'in lafiyar al'umma ne da ya fito daga kwalejin fasahar lafiya, kuma shi da kansa ba ya ɓoye hakan. Akwai ungozoma da muke kira Sista, da wani saurayi mai ɗibar jini wanda sa-kai yake yi, sai mai gadi.

Yabon gwani ya zama dole, don haka bari in fara da shi. Autata a hannun Sista na haife ta, ƙarfe biyun dare, da fitilar waya, shekarar da ruwa ya cinye gonakin shinkafa ya raba mu da titi. Jini ya so ya ɓalle mini, matar nan ba ta ɗaga daga kaina ba har aka kira assalatu. Ranar rigakafi ba sa wasa, in ka yi fashi har gida ake aiko maka. Gwajin maleriya na tsinke, wanda ake ɗiga jini a jira minti 15 zuwa 20, kusan kullum akwai shi. Likita ba ya tsawa, ba ya wulaƙanta talaka, kuma na sha ganin ya ba da magani bashi ga matar da ya san ba za ta biya ba sai kaka. Wanda ya taɓa kwana a layin katin babban asibiti ya san darajar wannan.

Matsalata da su guda ɗaya ce, kuma ta isa ta sa na zauna rubutun nan. Duk ciwon da ka kai, da kafso za ka dawo.

Mura? Amoxicillin. Ciwon ciki? Flagyl, ba tambaya. Zawo? Flagyl da Septrin. Zazzaɓi, gwajin maleriya ya nuna akwai? Maganin maleriya, a ɗora maka da Ampiclox, wai ko da akwai wani abu a ƙasa. Gwajin ya nuna babu? To ai shi ke nan, taifot ne. Da na jera katunan a tabarma sai na ga kamar hatimi ɗaya aka buga musu, hannun rubutun ne kawai ke canzawa.

Na fi jin zafin na autata. Tana da wata 9, zawo ya kama ta, ruwa tsululu, babu jini, babu majina. Inna, uwar mijina, ta ce haƙori ne. Na goya ta muka tafi. Likita ya duba idonta, ya ja fatar cikinta ya saki, ya ce ruwan jikinta bai yi ƙasa sosai ba, sannan ya rubuta ruwan Flagyl, ruwan Septrin, da sacet ɗin gishiri da sukari guda biyu a can ƙarshen kati kamar gyara. Zink babu, ya ƙare. A bangon da ke bayansa, daidai saitin hularsa, akwai fosta mai hoton uwa da yaro tana cewa maganin zawon yara shi ne ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. Wannan shawara Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ba da ita tun 2004. Yawancin zawon ruwa na ƙananan yara bairos ne ke kawo shi, musamman wanda ake kira rota, shi ya sa ma aka shigar da rigakafinsa cikin na yaran Najeriya a 2022, kuma a wannan asibitin aka ɗiga wa 'yata shi a baki. Antibayotik ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Inda aka fi buƙatarsa shi ne atuni, in ka ga jini a bayan gida. Na san wannan yanzu. A ranar kuwa godiya na yi, na biya, na dawo ina ɗura wa jaririya ruwan Flagyl tana tofarwa ina danne mata hanci.

Sai zancen taifot, wanda ya zama kamar sunan yanka na kowane zazzaɓi a garinmu. Babban ɗana ɗan shekara 11 ya yi taifot sau uku a shekara biyu, in ka yarda da kati. Kowane karo hanya ɗaya ce: tsinken maleriya ya nuna layi ɗaya, wato babu maleriya, a ɗebi jini a yi gwajin Widal a kan farin tayil, cikin 'yan mintuna a dawo da takarda mai lambobi, 1/80, 1/160, a ce taifot ya yi yawa a jini. Daga nan sai cipro, ko allurar ceftriaxone ta jijiya in kana da hali. Daga baya wata likita a Kano ta gaya mini abin da ya sa na ji kunyar kaina: gwajin Widal ba ƙwayar cutar yake gani ba, garkuwar da jiki ya taɓa yi yake aunawa. A wurin da mutane ke shan ruwan rijiya da na rafi tun suna yara, lafiyayyen mutum ma in ka ɗebi jininsa zai iya nuna lamba, kuma maleriya kanta tana iya ɗaga ta. Tabbatar da taifot sai an shuka jini a lab an ga ƙwayar ta tsiro, wannan kuwa babu shi a asibitin ƙauye. Ba na cewa babu taifot, akwai shi, yana huda hanji yana kisa. Amma yaron da aka ce yana da shi ranar Talata, ranar Alhamis yana bin akuya a guje, wannan taifot ɗin da sauƙin kai yake.

Duk wannan da sai in ci gaba da haɗiye shi, ba don ciwon Inna ba.

Bara da kaka ta fara kukan fitsari da zafi, mara na ɗaure mata. Inna ba mai raki ba ce, shekarunta sun haura 65 kuma har yanzu ita ke sussukar geronta. Abin da ya fi damunta ba zafin ba ne, alwala ce ba ta zama. Kafin ta idar da raka'a huɗu ta ji tana son zagayawa. Muka kai ta. Septrin kwana 5, shiru. Aka canza zuwa cipro, ta ji dama-dama kwana biyu, abu ya dawo. Likita ya ce to sai allura, aka yi mata ceftriaxone kwana uku a jere, kullum maigida ya ɗauke ta a babur. Tsakanin wannan kuma ita da kanta tana aiken jikokinta kemis a haɗo mata na ɗari uku, a ƙullo mata a leda: ja-da-yalo biyu, Ampiclox biyu, farasitamol, da wata 'yar shuɗiya da ba wanda ya san sunanta. Wata biyu muna wannan zarya. Babu wanda ya ce a kawo fitsarinta a duba, don babu abin dubawar.

Da ƙanin maigida ya zo daga Kano ya ga yadda ta rame, sai ya ce a shirya ta. Ni na raka ta asibitin koyarwa. Likitar da muka samu yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta ce, “Mama, me da me kika sha?” Inna ta dube ni. Na zazzage ledar da na taho da ita a kan tebur, kwalaye da fallayen magani da katunanmu. Ta daɗe tana juya su ba ta ce komai ba. Sannan ta ba mu kwalba ta ce a kawo fitsarin safe, a dawo bayan kwana uku.

Takardar sakamakon tana cikin gwangwanina. A sama an rubuta sunan ƙwayar cutar, E. coli, wadda likitar ta ce a hanjin kowa take zaune, ɓatan hanya take yi ta shiga mafitsara. A ƙasa jerin magunguna ne, kowanne da harafi a gabansa. Ampicillin, R. Septrin, R. Cipro, R. Ceftriaxone, R. Ta ce R na nufin an zuba maganin a kan ƙwayar cutar a lab, ta ci gaba da hayayyafa kamar ruwa aka zuba mata. Wato duk abin da muka saya wata biyu, har allurar da ake tsikara wa tsohuwa a jijiya, ba su yi mata komai ba. Can ƙasa akwai S, alamar maganin da ke cin ƙwayar cutar, a gaban nitrofurantoin, wata tsohuwar ƙwaya mai arha, da wata allura. Ƙwayar aka ba ta, aka ce kada ta tsorata in fitsarinta ya yi duhu. Kafin mako ya zagayo Inna tana sallar asuba da alwala ɗaya. An kuma gano sukarinta ya hau, wanda shi ke sa ciwon ya riƙa dawowa, kuma duk zaryar da muka yi a gida ba wanda ya huda mata yatsa ya duba.

Inna ta ce wa likitar, “'Yar nan, jikina ne ya saba da magani ke nan?” Ta ce, “A'a Mama, ba jikinki ba ne, ƙwayar cutar ce ta saba.” Ta yi mana bayani da Hausa tsaf. Duk sanda mutum ya sha antibayotik, ko da a kan mura ce, maganin yana bi ta hanjinsa ya kashe ƙwayoyin da ba su da ƙarfi, masu taurin kai su tsira, fili ya zama nasu su yaɗu. Kuma ba sa zama a cikin mutum ɗaya. Hannu, buta, randa, masai, ƙuda, duk hanya ce. Ta ce mai yiwuwa ma ba Inna ce ta reni wannan ƙwayar ba, daga jikokinta ta samu. A nan na tuna kwalaben Septrin ɗin da na ɗura wa autata, wadda a gadon Inna take kwana.

Da muka fito Inna ta ce, “Ashe irin na kulorokwin ne.” Ta fi ni saurin ganewa. Ta ga zamanin da kulorokwin ke kwantar da zazzaɓi a kwana ɗaya, ta ga zamanin da za ka sha ka yi ta ƙaiƙayi a banza, har gwamnati ta sauya shi da sabon haɗin maganin maleriya a 2005. Bambancin kawai, wancan an samu madadinsa mai sauƙin kuɗi. Wannan kuwa in ka wuce ceftriaxone, sau da yawa abin da ke gaba sai an kwantar da kai a babban asibiti, kuɗinsa kuma ba na manomi ba ne. Tafiyar Kano kaɗai, mota da gwaji da ɗawainiya, buhun gero biyu ta ci mana.

Bayan mun dawo na shiga karance-karance a waya, irin na wanda maciji ya sara. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka bijire wa magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba. Mu ke nan. Na kuma ga cewa tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik gida uku: na yau da kullum, irin su amoxicillin da nitrofurantoin, na taka-tsantsan, waɗanda ba a so a taɓa sai da dalili, da na ajiya, na ranar da komai ya ƙi. Cipro da ceftriaxone a gida na biyu suke. A garinmu kuwa ceftriaxone ita ce allurar nuna gata. In mutum yana son a san yana ji da matarsa, ita yake cewa a yi mata.

Na ɗauki takardar Inna na kai wa Likita, da yamma bayan layi ya watse. Na yi zaton zai ji haushi. Ya karanta, ya cire gilashi, ya ce, “Malama, zauna.” Abin da ya gaya mini ya rage mini fushi, ko da yake bai canza ra'ayina ba.

Ya ce shi ma an koya masa duk wannan, akwai littafin ƙa'idar aiki a durowarsa, har taron bita ya je a kai. Amma in mace ta taho daga ruga tafiyar awa biyu da yaro mai zazzaɓi, tsinke ya nuna babu maleriya, shi ba shi da abin duba jini in ban da tsinken da Widal, ba shi da abin duba fitsari, kuma ya san in ta tafi ba za ta dawo jibi ba ko ya ce ta dawo. In ya sallame ta da farasitamol yaron ya kwana ya mutu da limoniya, wa za a zaga? In ya ba da kafso ba bisa buƙata ba, babu wanda zai zo da gawa ƙofarsa. Ya ce cutarwar farko a gabansa take, ta biyun kuwa sai bayan shekaru, a jikin wani, a wani asibitin. Na biyu, ya ce, kuɗin magani ne ke juya wurin. Abin da aka sayar da shi ake sayo wani kwalin, a sa wa janareta mai, a ba yaron lab ɗan abin sabulu. Gishiri da sukari nawa yake kawowa? Na uku kuma ya dube ni ya yi murmushi. Ya ce, “Ke Malama, shekaran jiya waccan da na ba maigidanki ƙwaya kala ɗaya, me Inna ta ce?”

Na san abin da ta ce, don a gabana ta faɗa: wannan yaron ya fara rowar magani. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke auna likita da nauyin leda. Mu ne in ba a yi mana allura ba muke cewa ba a duba mu ba, mu zarce kemis a yi mana, alhali mai kemis lasisinsa bai ba shi damar yin allura ba. Mu ne muke shan kafso kwana biyu, da mun ji sauƙi mu ɗaga sauran a kan taga don maƙwabciya. Ranar sunan autata, kafin a yanka rago an riga an kawo mini ɗigon Ampiclox na jarirai har kwalba biyu a cikin kayan barka, wai yana wanke ƙazantar haihuwa, alhali abin da Sista ta ba ni man chlorhexidine ne na shafa wa cibiya kawai. Ja-da-yalo kuwa, wanda yake ɓata haƙoran yaro in bai kai shekara 8 ba, a faranti ake tallarsa ranar kasuwa, a rana, kusa da mai ƙuli-ƙuli. Ni kaina na sha fasa shi in zuba wa kajina a ruwa in sun fara gyangyaɗi, mu kuma cinye ƙwan.

Duk da haka ban sauke wa asibitin nasa kason ba. Uzurin matar ruga na karɓa. Amma gidana da asibitin ko minti goma ba a yi a ƙafa, ya san ni, ya san zan dawo. Littafin da ke durowarsa ya nuna yadda ake gane limoniyar yaro ba tare da na'ura ba: a ɗaga riga a ƙirga numfashi na minti ɗaya, in ya kai 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko ƙirji na faɗawa ciki, to a ba da amoxicillin ko a tura gaba. Agogo kawai wannan ke buƙata. A zuwa 14 ɗin nan ban taɓa ganin an ɗaga rigar ɗana an ƙirga ba. Kuma tun da Septrin da cipro suka ƙi a jikin Inna, kamata ya yi a ce mana mu tafi inda ake gwaji, ba a ƙara mana allura ba.

To, in wata ta tambaye ni ko ta je? Awo, haihuwa, rigakafi, gwajin maleriya, ɗinkin rauni, awon hawan jini: ki je da zuciya ɗaya, ba za ki samu kamarsu a kusa ba. In zazzaɓi ne ko zawo ko tari, ki je, amma ki buɗe baki. Ki tambaya wanne ne antibayotik a cikin abin da aka rubuta, kuma me aka gani da ya sa aka rubuta shi. In an ce ana buƙatarsa, ki ba da shi daidai yadda aka faɗa, kada ki raba kwalba ɗaya wa yara biyu. In an canza magani sau biyu ciwo bai tafi ba, ki nemi takardar tura ki gaba. Yaro in ya kasa shan nono, ko yana amai da komai, ko ya sanƙare, ko barci ya yi masa nauyi ba ya farkawa, wannan ba na zaman tambaya ba ne, a nemi mota.

Zuwanmu na 17 watan jiya ne, da hunturu ya shigo. Autata ce, hanci na zuba, tari, jiki da ɗumi. Tsinke ya nuna layi ɗaya. Na ga biron Likita ya fara rubuta harafin A, sai na ce, “Likita, a ƙirga mata numfashi mana.” Ya ɗago ya dube ni, ya yi dariya, ya ce, “Malama, kin zame mini sufeto.” Ya ɗaga rigarta, ya ajiye wayarsa a tebur yana kallon sakan. Talatin da biyu. Ya soke abin da ya fara rubutawa, ya ba ni farasitamol, ya ce a yawaita mata ruwa da kunu, in numfashinta ya canza ko zazzaɓin ya wuce kwana uku in dawo da ita ko da tsakar dare ne.

Na dawo gida da kwalba ɗaya tal a hannu. Inna tana bakin ƙofa tana tsince wake. Ta dubi kwalbar, ta dube ni, ta ce, “Iyakar abin ke nan?” Na ce iyakarsa ke nan, Inna. Ta yi shiru, ta ci gaba da tsintar wakenta, can ta ce in miƙo mata yarinyar in je in ɗora ruwan kunu.